Kurakuran da sababbin masu aikin yumɓun roba ke yi a Yamai

Tun da ƴanmata suka fara ganin ƴan kunne da duwatsun wuya na yumɓun roba a TikTok da Instagram, kusan kullum sai wata ta turo mini hoton abin da ta yi, ya karye ko ya yi baƙi, tana cewa an sayar mata da jabu. Sau da yawa kayan ba su da laifi. Fimo na kamfanin Staedtler na Jamus, da Cernit na Beljiyam, da Sculpey na Amurka duk suna aiki, in an bi da su yadda ya kamata.

Ki fara da sanin cewa wannan ba yumɓun da matan ƙauyen Bubon, kusa da Yamai, ke gina tulu da shi ba ne. Robar PVC ce da aka haɗa da wani mai da ke sa ta laushi. Ba ta bushewa a iska, kuma shanya ta a rana ba gashi ba ne, sai ta shiga tanda.

Gashin nan shi ne inda kuɗin mutane ke halaka, kuma shi ya taɓa jawo mini asarar da har yau take ci mini rai. Wata amarya ta ba ni aikin ƴan kunne na ƙawayenta. Na juya maɓallin tandar lantarki zuwa digiri 110, yadda aka rubuta a jikin Fimo, na jira minti 30. Suka fito gwanin kyau. Ranar biki, kafin a kai amarya, da yawansu sun tsage daidai wurin ƙugiya. Sai na mayar da kuɗi, kuma gidan ba su sake nemana ba. Da na sa ma'aunin zafi cikin tandar, na tarar ba ta kai ko 100 ba, alhali maɓalli yana nuna 110. Ƙananan tandan nan da ake sayarwa a kasuwa, lambar da ke jikinsu ba abin dogaro ba ce: wata tana gazawa, wata kuma tana zarcewa duk lokacin da ƙarfen cikinta ya kunna. Don Allah ki sayi ma'aunin zafi na tanda kafin ki ƙara sayen launi ko ɗaya. Ki bar tanda ta yi zafi tukuna, ki duba ma'auni, sannan ki sa aikinki. Kowane iri da nasa zafin: Fimo 110, Premo na Sculpey 130, minti 30 ga kaurin milimita 6. Abin da bai gasu ba yana ɓallewa kamar biskit. Wanda ya gasu, in siriri ne, zai lanƙwashe kaɗan ya koma daidai bayan ya huce.

Masu tsoron ƙonewa su ne suka fi ba ni haushi, suna cire abu bayan minti 10. Daɗewa ba ta ƙona shi, yawan zafi ne ke ƙona shi. Ni nakan ɗora aikina kan karo, wato tayil ɗin daɓen ɗaki, da farar takarda, in rufe da takardar alminiyon, in bar shi minti 45. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ki sake ƙirga lokacin daga farko bayan ta dawo, ana iya gasa shi sau biyu ba matsala. Amma kan gawayi, ko cikin kasko, ko a mikro-ond, kar ki kuskura. In ya ƙone hayaƙinsa yana cin ido da maƙogwaro, sai ki kashe tanda ki buɗe taga ki fitar da yara.

Na biyu shi ne ajiya, kuma masu bidiyon Turai ba za su gaya miki wannan ba, domin ba su san Afrilu da Mayu na Yamai ba, lokacin da zafi ke wuce 40. Yumɓun da aka bari cikin mota, ko bakin taga, ko a ɗakin kwano, yana fara gasuwa a cikin ledarsa. In ki zo murzawa sai ya yi ta marmashewa, kuma wanda ya kai haka ba man da zai dawo da shi. Ki matsa shi da yatsa a kanti kafin ki biya. Nawa cikin ledar da ke rufewa nake sa shi, a ƙasan kabad na ɗakin da ya fi sanyi. Kar ki ajiye ɗanyensa cikin robar nan mai ƙarfi mai kama da gilashi, narkar da ita yake yi.

Sauran ƙanana ne. Ki murza shi sosai har ya daina tsagewa in an ninke. In zafi ya sa ya yi laushi da yawa, ki shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu su sha man. Lokacin hunturu ƙura ba ta barin farin launi, ki fara da shi kafin ja da baƙi, ki goge hannu a tsakani. Sawun yatsa yana fita da ɗan alkol kafin gashi. Ki huda duwatsu tun suna ɗanye. Kar ki shafa musu jan farce don sheƙi, daga baya za su yi danƙo, ki nemi verni na ruwa, wato man sheƙin da aka haɗa da ruwa. Wuƙa da muciyar da suka taɓa yumɓu kuma kada su koma madafa.