Yadda za ka kawo madogara ka jera manazarta a firojet ɗinka

Idan lokacin difens ya matso za ka ga ɗalibai a bisinis santa ana ta rububi, wani yana neman shekarar da aka buga littafin da ya karanta tun zangon bara, wata tana tambayar ƙawarta wai waye ma ya faɗi maganar nan da na sa a babi na biyu. Duk wannan wahalar daga abu ɗaya take tasowa, mutum ya bar maganar manazarta sai ya gama rubutu. Aikin nan tun ranar da ka fara karatu ake fara shi, kuma ba shi da wuya in an bi shi daki-daki.

Kafin komai ka je sashenku ka tambayi wane salon kawo madogara suke bi. Kar ka tambayi ɗan ajinku, ka tambayi sufabaiza ko ka karɓi ɗan littafin ƙa'idojin rubuta kundi idan suna da shi. Yawancin sassan ilimi da kimiyyar zamantakewa salon APA (na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka) suke bi, 'yan likitanci sun fi amfani da Vancouver mai lambobi, 'yan tarihi da 'yan shari'a kuma sun saba da bayanin ƙasan shafi. Ko a APA ɗin ma ka tambaya bugu na nawa na littafin ƙa'idojinsa, domin bugu na 7 da ya fito a 2019 ya cire sunan garin da aka buga littafi, amma har yanzu akwai malaman da suke kan bugu na 6 kuma idan ba su ga Zariya ko Ibadan kafin sunan maɗaba'a ba jan biro za su zana maka. Wanda zai sa maka hannu shi za ka bi, ba sai ka tsaya gardama ba. Ni a nan APA na 7 zan yi misali da shi.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi so ka riƙe. Duk littafin da ka ɗauka a laburare, kafin ka karanta layi ɗaya, ka ɗau hoton bangonsa da wayarka, ka buɗe ka ɗau hoton shafin nan na ciki mai ƙananan rubutu inda ake sa shekara da maɗaba'a da bugu na nawa ne. In fotokwafi za ka yi, ka ce wa mai injin ya haɗa da waɗannan shafukan guda biyu, don sau da yawa babin da kake so kawai ake kwafa, bayan wata uku ka ɗauko takardun ba suna ba shekara, kai kanka ba ka san na waye ba. Idan muƙala ce a mujalla ka rubuta sunan mujallar, kundi na nawa, fitowa ta nawa, daga shafi nawa zuwa nawa. Kuma a littafin da kake rubuta abin da ka tsinta, duk maganar da ka kwafo kalma da kalma ka sa mata alamar zance nan take tare da lambar shafi, wadda ka faɗa da bakinka kuma ka bar ta haka. Da yawan waɗanda ake kamawa da satar fasaha ba da gangan suka yi ba, mantawa suka yi wace jimla ce tasu wace ce ta marubucin.

Sai kuma kawo madogara a cikin rubutu. A APA sunan ƙarshe na marubuci da shekara ake sawa. Misali kana magana kan tarihin rubutun Hausa ka ɗauko bayani daga littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, wanda maɗaba'ar NNPC ta Zariya ta buga a 1988, to ko dai ka ce Yahaya (1988) ya bayyana cewa kaza da kaza, ko ka kawo bayanin sannan a ƙarshen jimlar ka sa (Yahaya, 1988). In kalmominsa ka ɗauko kai tsaye dole ka ƙara lambar shafi, in kuma maganar ta kai kalma 40 ko fiye sai ka ware ta a sakin layi nata, ka tura ta ciki kaɗan, ba alamar zance. Marubuta biyu ka ambace su duka, uku ko fiye ka sa na farko ka bi shi da et al., wasu masu rubutu da Hausa kan sa "da wasu". Mutum ɗaya ya yi aiki biyu a shekara ɗaya kuma duk ka yi amfani da su, sai ka bambance da harafi, 2015a da 2015b.

Kuma don Allah, canza kalma biyu-uku a jimlar wani bai mayar da ita taka ba. Ko fassarowa ka yi daga Turanci ko Larabci, tunanin nasa ne, sai ka ambace shi.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa, ɗalibi ya ɗauko kundin wani da ya gama shekara biyar da suka wuce, ya kwashe duk madogaran da ke babi na biyu ya zuba a nasa kamar shi ya karanta littattafan. Mu da muka taso muna jin isnadin hadisi, wane daga wane daga wane, bai kamata wannan ya ba mu wahala ba, wanda ka ji maganar a bakinsa shi za ka ambata. Idan a littafin wani ka ga an kawo maganar Bargery daga ƙamus ɗinsa na Hausa na 1934 kuma kai ba ka taɓa buɗe ƙamus ɗin ba, ka ce Bargery (1934) kamar yadda wane ya kawo, sannan a manazarta littafin wanen da ka riƙe da hannunka shi za ka sa. Mai jarrabawa na waje yana iya tambayarka a ina ka samu littafin nan, kuma in kuskure ne a kundin da ka kwafa to ka gaje shi.

Yanzu jerin manazarta na ƙarshe. Littafi: sunan ƙarshe, haruffan farko na sauran sunayen, shekara a cikin baka biyu, sunan littafi da rubutun tafiyar tsutsa wato mai karkata, sai maɗaba'a. Muƙala kuma sunan mujallar ne ake karkatarwa, sunan muƙalar a bar shi a miƙe, a ƙarshe ka sa DOI, wato lambar shaidar muƙalar a intanet, idan tana da shi. Kundin digiri da ba a buga ba ka nuna na wane digiri ne da sunan jami'ar. Ana jerawa bisa abacada, layin farko a bakin shafi sauran layukan su shige ciki, a Word in ka zaɓi jerin ka danna Ctrl da T zai yi maka, ba sai kana ta buga sifes ba.

Sunayenmu suna da ɗan rikici a nan. Da yawan malamanmu sunan garinsu ne sunansu na ƙarshe, Sa'idu Muhammad Gusau sai ya zama Gusau, S. M., kuma haka za ka bar shi ko da ka san Gusau gari ne. Ka bi yadda mutum ya rubuta sunansa a bangon aikin, in ya rubuta Mohammed kar ka gyara masa zuwa Muhammad. Shi ya sa ban yarda a dogara kacokan kan maɓallin Cite na Google Scholar, wanda yake haɗa maka bayanin madogara, ba, yana taimakawa sosai amma yakan juya suna, ya cinye ƙugiyar ƙ da ɗ, wani lokacin ma shekarar ba daidai ba. Zotero, manhajar tattara manazarta, kyauta ne kuma yana haɗuwa da Word, in kana da kwamfuta ka koye shi musamman in mastas kake yi, sai dai shi ma abin da ka zuba masa shi zai fito maka da shi. ChatGPT kuwa kar ka kuskura ka ce ya ba ka manazarta ka kwafa, yana ƙirƙiro littafin da babu shi a duniya ya liƙa wa farfesa na gaske.

Hira da mutane fa? A ƙa'idar APA maganar da aka yi da kai baki da baki a cikin rubutu kawai ake ambatarta da kwanan wata, ba ta shiga jerin ƙarshe tunda mai karatu ba zai iya zuwa ya duba ba. Amma sassan Hausa da tarihi galibi suna son jeri daban na waɗanda aka yi hira da su, suna, shekaru, sana'a, wuri da rana, don haka ranar hirar ka rubuta duk wannan kafin ka tashi daga zauren, kuma ka nemi izinin mutumin kafin ka sa sunansa. Aya kuma sunan sura ko lambarta da lambar aya, in fassara ka kawo ka faɗi ta waye. Hadisi ka faɗi littafin da lambarsa, "an ruwaito" kawai bai isa ba. Abin da aka turo a guruf na WhatsApp ba madogara ba ne sai ka nemo asalinsa.

Kafin ka kai a yi bayindin ka ware yamma guda ka yi wannan: buga jerin manazartar a takarda, ka bi kundin daga shafin farko, duk sunan da ka ci karo da shi ka nemo shi a jerin ka yi masa alama, ka duba shekarar ta zo ɗaya a wuraren biyu. Wanda yake cikin rubutu babu shi a jeri ka nemo bayanansa ka ƙara, wanda ya rage a jeri ba alama kuma ka fara neman sunan da Ctrl da F ko ka tsallake shi ne, in bai fito ba ka goge shi ko da littafin babban farfesa ne.