Kurakuran da muke yi a zaurukan masu ciwon suga na WhatsApp

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 asibitoci da yawa suka rufe, waya ta zama wurin da muke fara kai kukanmu. Gwaggona ta baro Wad Madani a Disambar wannan shekarar, ta sauka gidanmu a Gadarif da kwalbar insulin ɗaya ƙulle a bakin mayafi. A zauren masu ciwon suga na WhatsApp muka ji inda za mu samo ta biyu, don haka ba kushe zaurukan nan zan yi ba. Sun san inda magani yake, amma ba su san jikin kowa ba, kuma a nan muke tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne tambayar nan: "Hajiya, ke nawa kike yi da safe?" Sai a ce ashirin, mai tambaya ita ma ta ja ashirin. Alhali adadin allura yana bin nauyin jiki, da abincin da ake ci, da lafiyar ƙoda. Insulin ɗin ma iri-iri ce. Mixtard fara ce kamar tsinkakken nono, Actrapid garau take kamar ruwa, kuma aikinsu ya bambanta. Ga kuma sirinji. Idan an rubuta U-100 a kwalba (awo 100 na insulin a kowace mililita), ka ja da sirinjin U-40 (na mai awo 40) zuwa layin 20, to awo 50 ka yi wa kanka. Gwaggo ta taɓa faɗawa wannan ramin da sirinjin da aka aiko mata kyauta. Muka tarar da ita zaune bakin gado, gumi sharkaf, hannu na rawa, sai da ruwan suga da dabino ta dawo hayyacinta. Gyaran mai sauƙi ne: ɗauki hoton kwalbar da sirinjin tare, ka tura wa likita ko mai kantin magani shi kaɗai, ka jira amsarsa.

Sai zafi. Insulin da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma takan kai kusan wata guda in zafin bai wuce 30 ba. Mu kuwa bazararmu tana haura 40, wuta ba tabbas. Kafin ka saya daga wanda ya yi talla a zaure, tambaye shi yadda aka ɗauko ta, domin wadda ta wuni a bayan mota ba lallai ta nuna a ido ba. A gida, ƙulle ta a leda ka sa a randa ko tulu mai ruwa a inuwa. Kada ta daskare, wannan ma lalata ta yake.

Saƙon murya mai cewa hulba da zogale suna warkar da ciwon suga kuwa ba ya ƙarewa. Ba na hana kowa shan hulbarsa, amma Allah ya isa ga mai cewa a ajiye allura. Yaron da jikinsa ba ya samar da insulin ko kaɗan, kwanaki kaɗan suka ishe shi ya suma. Shugaban zaure ya goge irin wannan saƙon nan take, ya kuma faɗi dalili.

Mu rage tura sanarwar "akwai magani a wuri kaza" babu kwanan wata. Mutum ya kashe kuɗin mota ya tarar labarin na watan jiya ne. Rubuta rana da gari, in ya ƙare ka dawo ka sanar. Kada ka tura kuɗi ta manhajar banki ta Bankak ga lambar da ba ka sani ba sai wani naka ya riƙe kwalbar ya karanta ranar lalacewarta. In za ka sa takardar gwaji a zaure mai mutum ɗari biyu, rufe sunan da yatsa kafin ka ɗauki hoton.