Yadda ake biyan kuɗin jana'iza daga ɗan abin da mamaci ya bari idan babu wasiyya

Mutuwa ba ta jira a shirya. Kafin hawaye su bushe an fara neman kuɗin likkafani, da na motar ɗaukar gawa, da na masu haƙa kabari, kuma yawanci wanda ya fi kusa ne ke zura hannu aljihu ba tare da ya tsaya lissafi ba. Bayan wata uku, ranar da aka zauna rabon ɗan abin da marigayin ya bari, sai ka ji wani ya ce, "Wa ya sa ka kashe wannan kuɗi?" Daga nan zumunci ya fara tsagewa. Ga yadda za a bi.

Da farko, a fara rubutu tun ranar. A samu littafi ɗaya da ambulan ɗaya, a damƙa wa mutum ɗaya da dangi suka yarda da shi. Duk abin da aka biya ya shiga littafin: rana, abin da aka saya, nawa, da sunan wanda ya fitar da kuɗin. Rasit kuma ya shiga ambulan. Inda babu rasit, mutum biyu su sa hannu. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a tambayi duk wanda ya kawo kuɗi, shin gudummawa ce ko rance? A rubuta amsarsa a gabansa. Na san tambayar tana da nauyi a ranar makoki, amma ta fi sauƙi a yau fiye da bayan shekara.

Na biyu, kada a taɓa asusun marigayin a ɓoye. Ko da ka san lambar sirrin katinsa, kada ka cire ko sisi. Da zarar mutum ya rasu, kuɗin ya zama haƙƙin masu bin sa bashi da magada, kuma cirewa da katin mamaci na iya jefa ka cikin matsalar doka. A karɓi takardar shaidar mutuwa, a yi kwafi da yawa, a kai wa banki. Bankuna a ƙasashe da dama, kamar Ingila, sukan biya kuɗin jana'iza kai tsaye daga asusun idan aka kai musu takardar da lissafin kuɗin. Sauran kuɗin kuwa sai kotu ta ba wani izinin kula da dukiyar, tunda babu wasiyyar da ta naɗa kowa. A tambaya ko akwai gajeriyar hanya ta ƙaramin gado. Jihohin Amurka da yawa suna da ita, ta hanyar takardar rantsuwa.

Na uku, a bi jerin biya yadda yake. Nan ne ake yawan kuskure. A fiƙihun Malikiyya, abin da marigayin ya ba da jingina shi ke gaba, sai kuɗin jana'iza gwargwadon abin da ya dace, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada. Tunda babu wasiyya, daga bashi sai gado. Dokar Ingila ma ta sa kuɗin jana'iza mai ma'ana gaba da basussukan da ba su da jingina. A ce abin da aka bari kashi 100 ne, jana'iza ta ci 15, ana bin sa 60. To, 25 kawai magada za su raba. Idan bashin ya kai 90, magada ba su da komai, masu bin bashi su raba 85 gwargwadon abin da kowa ke bi. Wanda ya raba gado kafin biyan bashi, shi za a iya biyowa daga baya.

Na huɗu, a raba binnewa da taron tunawa. Wannan shi ya fi damuna. Wanka, sutura, ɗauka da kabari dole ne, dukiyar ta ɗauke su. Amma taron da za a yi bayan haka, da ciyar da jama'a, da ƙawata kabari, ba su cikin wannan dole. Idan akwai bashi, kuɗin masu bashi ake kashewa. Idan akwai yara ƙanana cikin magada, kuɗin marayu ake ci, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani a kan hakan. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya cewa na yafe, babu kuma babban da zai yafe masa a madadinsa. Mai son a yi taro ya yi daga aljihunsa, ko daga kasonsa bayan rabo.

Ranar rabo, a fito da littafin da ambulan a gaban kowa, a karanta layi bayan layi. A mayar wa duk wanda ya ba da rance kuɗinsa, ya sa hannu cewa ya karɓa, kowane magaji kuma ya tafi da kwafinsa.