Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da darasin abinci da girki a sakandare

Ɗaliba za ta zayyano maka rukunan abinci shida ba gargada, amma ka ce ta dubi tuwon dawa da miyar kukar da aka ci jiya a gidansu, ta faɗi abin da jiki ya samu da abin da ya rasa, sai ta yi zuru. Ba laifinta ba ne, yadda ake koyar da darasin ne bai taɓa kai ta bakin murhu ba.

Matsalar daga misalai take farawa. Malama ta buɗe littafi ta yi ta kawo cuku da tuffa da naman gwangwani, yaro ya koma gida da tunanin cewa abinci mai gina jiki sai gidan masu hali. Alhali ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga awara da daddawa da nono a bakin titi. Shinkafa da wake da ake rainawa haɗi ne mai kyau, domin abin da hatsi ya gaza a wajen gina jiki wake yana cikewa. Manja da kabewa da zogale kuwa suna ba da bitamin A. Gyaran shi ne tun makon farko kowa ya rubuta abin da ya ci jiya daga safe zuwa dare, a gina darasin a kan waɗannan takardun. Sai dai kada a sa suna. A kowane aji akwai wanda gari kawai ya sha ya kwanta, kuma ba tonon asiri aka zo yi ba.

Sai ajiye aikin hannu har ɗalibai su kai ajin ƙarshe, jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, sannan a shiga kame-kame. Uzurin kullum rashin ɗakin girki ne. Gaskiya ne makarantu da yawa ba su da shi, amma kurfoti biyu da gawayi da tukwane a gindin bishiya sun isa a dama kunun gyaɗa ko a yi ɗanwake. Abin lura shi ne rabon aiki. In aka kasa yara rukuni-rukuni aka ƙyale su, wadda ta saba girki a gida ita za ta kama komai, sauran su naɗe hannu suna jiran ɗanɗano. A riƙa juya aikin: mai yanka albasa yau, gobe ita ce a kan wuta. Maki ma kada ya tsaya ga daɗin miya. A duba wanke hannu da sabulu, da tsara lokaci, da ko wuƙar da ta yanka ɗanyen nama an wanke ta kafin ta taɓa latas.

Awo ma ana sakaci da shi. Littafi yana maganar giram, gida kuma gwangwani da ludayi aka sani. A samo sikeli ko da na aro ne, a auna nauyin gari da na sukari da na shinkafa, kowanne cikin gwangwanin madara ɗaya, a gaban yara, a rubuta a manna a bango.

Inda na fi ganin asara shi ne kawar da kai daga abin da ake yi a gidaje. Ana yanka alayyafo kafin a wanke, sinadaransa su bi ruwa. Ana zabga kanwa don ganye ya yi laushi, ita kuwa tana lalata wasu bitamin. Ana kora abinci da shayi, wanda ke rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe, ga 'yan mata da yawa suna fama da ƙarancin jini. Da lemon zaƙi ko gwaiba aka bi abincin da su, da sun taimaka. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. A faɗi waɗannan da hikima, kada yarinya ta je gida ta ce wa mahaifiyarta ba ta iya girki ba. Tun 1993 doka ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a Najeriya don maganin maƙoƙo, daga 2002 kuma ake ƙara bitamin A a sukari da fulawa da man girki. A sa yara su kawo ledoji da kwalaye daga gida, su nemo alamar ido mai nuna an ƙara bitamin A, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa da kansu.

Su kuma samari, an bar su suna ɗaukar darasin na mata ne, bayan mai shayi da mai tsire da mai kilishi duk maza ne da ke riƙe da gidajensu da wannan sana'a. A gayyato mai tsire ɗaya na unguwa ya nuna musu yadda ake zaɓen nama da haɗa yaji, malama kuma ta ɗora da lissafin uwar kuɗi da riba.