Yadda Ake Gane Lalacewar Tayarod a Babbar Mota da Yadda Ake Sauya Shi

A manyan motoci irin su DAF, MAN, Mack da Howo, juyin da direba yake yi wa sitiyari yana shiga akwatin sitiyari ne, ya fita ta wani gajeren hannun ƙarfe, sandar ja ta kai shi tayar gefen direba, sannan tayarod, wato sandar da ta haɗa tayoyin gaba biyu, ya miƙa shi ga ɗaya tayar. A bakin kowace sanda akwai kai mai ƙwallon ƙarfe da yake juyawa cikin giris, an lulluɓe shi da roba. Da zarar robar ta yage, ƙura da ruwa suka samu hanya, sai ƙwallon ya fara cinyewa, ramukan hanya da lodin da ya wuce kima kuma su gaggauta abin.

Direba ne yake fara ji. Mota takan riƙa kwasa hagu da dama, ana jin bugu a ƙasa idan an shiga gargada, tayoyin gaba kuma su cinye ta yadda in an shafa su za a ji kaifi ta gefe ɗaya.

Da farko a tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, a bar na gaba a ƙasa. A tada inji, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, makaniki kuma ya zuba wa kowane kai ido. Idan sanda ta motsa kafin hannun da take ja ya bi ta, kan ya mutu. Daga nan a kashe inji, a kama sandar da hannu a tura sama, a ja ƙasa. Kada a sa ƙarfen banƙara, domin yana iya nuna girgiɗi a kai mai lafiya, har ma ya ɓata shi. Masu binciken manyan motoci a Amurka suna hana mota tafiya idan girgiɗin da hannu ya gano ya wuce milimita 3, amma a ganina bai kamata a jira ya kai haka ba.

Kan da ya yi sako-sako ba shi da gyara sai sauyi. Abin takaici ne yadda wasu suke dukan murfinsa da guduma ko su kai shi walda don ya matse, alhali idan ƙwallon ya fice mota tana gudu da tan talatin a bayanta, direba ba shi da sauran iko da tayar.

Wajen sauyawa, a miƙe tayoyi, a auna tsawon sandar daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai, a rubuta. A zare fin, wato ɗan siririn ƙarfen da ke hana noti kwancewa, a kwance noti, a fitar da wuyan ƙwallon da abin zaro shi, ba da wuta ba, saboda zafi yana raunana ƙarfe. A sassauta maɗaurin sanda, a warware tsohon kan ana ƙirga zagaye. A tuna cewa kai ɗaya tiredinsa, wato zanen da ake murɗa shi a kai, na dama ne, ɗayan na hagu, don haka a tabbatar kafin a saya. Ya fi kyau a sauya biyun lokaci guda.

Kafin a sa sabo, a goge ramin da wuyan yake zama a duba shi. Idan ya buɗe ko ya daina zama da'ira, sabon kai ma zai yi rawa, sai an sauya hannun ƙarfen da ramin yake jikinsa. A ɗaura sabon kan da adadin zagayen da aka ƙirga, tiredin ya shige har ya wuce ƙarshen tsagar sanda, in ba haka ba maɗaurin ba zai riƙe shi ba. A ɗaure noti da sifana mai awo gwargwadon abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Idan ramin fin bai dace ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan, kada a sassauta, kuma a sa sabon fin, ba ƙusa ko waya ba.

A ɗura giris idan kan yana da bakin giris, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga maɗauri bai taɓa komai ba. Awon da aka rubuta na kai mota wurin alaimen ne kawai, inda za a saita gaban tayoyi ya ɗan matso ciki, yawanci kimanin milimita 1 zuwa 2, a ɗaure maɗaurai, sannan a gwada ta a hanya ba lodi.