Yadda za ka kiwata ƴar tarwadar Corydoras a tankin gilas har ta yi ƙwai

Kifin ga ɗan uwan tarwada ne amma tsawonsa bai cika wuce santimita 5 zuwa 7 ba, asalinsa rafukan Kudancin Amurka ne irin su Brazil da Peru, kuma maimakon santsi jikinsa layi biyu ne na ƙashi kamar sulke.

Mu nan Sakkwato babbar matsala zafi ce. Yawancinsu sun fi son ruwa mai digiri 22 zuwa 26, mu ko a Afrilu ɗaki kansa tafasa yake, saboda haka in za ka saya nemi irin da ake kira sterbai, ita ce ke jure ɗumi har 28. Irin da ake kira panda tana da kyau wallahi amma zafinmu wahalar da ita yake. Aje tankin nesa da taga, sa fanka ta riƙa busa saman ruwan, ka tanadi famfon iska mai batir don ranar da aka ɗauke wuta.

Kada ka sayi ɗaya, aƙalla shida, a garke suke sakin jiki. Ƙasan tanki kuma yashi mai laushi da aka wanke tas, banda tsakuwa mai kaifi don tana cinye musu gashin baki, da shi suke tonon abinci. Kada ka zuba gishiri yadda masu kiwon tarwada ke yi. In ka ga ɗaya ta harba sama ta haɗiyi iska ta dawo ba ciwo ba ne, hanjinta ke ɗaukar iskar.

To batun ƙwai, nan randa ke aiki. Ka ciyar da su da kyau kamar mako guda, maza biyu ga mace ɗaya, macen ta fi faɗin ciki. Sai ka kwashe kusan rabin ruwan ka zuba wanda ya kwana a randa, sanyin nan suna ɗauka damina ce ta sauka. Za ka ga macen ta kafa baki a gefen namiji, ta riƙe ƴan ƙwai tsakanin fukafukan cikinta, ta je ta manna a jikin gilas, ta dawo ta sake.

Iyayen na cinye ƙwan, don haka ɓamɓaro shi daga jikin gilas a hankali da yatsa ka mai da wani mazubi mai ruwan tankin da iska. Wanda ya yi fari fat ya lalace, cire shi. Kwana 3 zuwa 5 suke ƙyanƙyashewa, bayan kwana biyu ko uku ka fara ba su abincin kifi da ka niƙa lilis, kaɗan kaɗan, kana sauya ɗan ruwa kullum.