Yadda nake tsara shimfiɗaɗɗen ruwan tabarau na roba don eriyar gigahaz 10

Ruwan tabaran nan faifan roba ne mai ramuka da ake ajiyewa a gaban eriya. Kafin ka taɓa injin huda, ka yi lissafin kaurinsa. A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Igiyar rediyon da ta fito daga bakin ƙahon eriya, wato eriya mai siffar mazurari, tana riga isa tsakiyar faifan kafin ta kai gefe. Aikin faifan shi ne ya jinkirta ta tsakiya har su fita tare, su miƙe waje guda. Ni robar HDPE nake so, irin farin allon yanka nama, domin ba ta shanye siginar sosai, kuma tana rage saurin igiya kusan sau 1.52. Wannan adadin shi ne n.

A mitar gigahaz 10 tsawon zango, wato tsawon igiya ɗaya, santimita 3 ne. Ɗauki faifai mai faɗin santimita 20, ƙaho kuma a nisan santimita 20. Daga ƙaho zuwa gefen faifai tafiyar santimita 22.4 ce, wato ta fi ta tsakiya da 2.4. Tsakiya ka bar ta gam, ba rami. Gefe kuwa ka cika shi da ƙananan ramuka har iska ta cinye kashi uku cikin huɗu, n ya sauka zuwa 1.15, domin iska ba ta jinkirta igiya kamar roba. Ratar n tsakanin tsakiya da gefe ta zama 0.37. Raba 2.4 da ita, kauri ya kusan kai santimita 6.5. Mutane kan yi mamakin wannan kaurin, su rage shi da ka, sai hasken eriyar, wato siginar da take harbawa, ya watse. Kada ka rage.

Raba faifan zobe-zobe, shida ko bakwai. A santimita 5 daga tsakiya, n ya zama 1.42, ramuka kaɗan ke nan. Tazarar rami da rami kada ta wuce milimita 3 ko 4, in ba haka ba igiyar za ta ga ramukan ɗaya-ɗaya. Siririn bakin huda ba ya ratsa wannan kaurin a miƙe, don haka huda faranti-faranti da zane ɗaya, ka jera su, ka ɗaure da kusoshin roba, ban da ƙarfe.

Wajen gwaji, matsa ƙahon gaba da baya kaɗan-kaɗan har siginar ta kai ƙololuwa, sannan ka kafe shi. In komai ya daidaita, sa ran ƙarfi wajen 23 dBi (ma'aunin yadda eriya ke tattara sigina waje guda) da faɗin haske kusan digiri 10.